Katakon da Iya Take Dafawa

Akwai wani manomi a wani ƙauye na gindin dutse. Mutum ne mai ƙwazo, mai fara'a, sai dai yana da gaggawa. In ya kama aiki, so yake ya ga ƙarshensa kafin rana ta faɗi. Shi ne ƙarami a ɗakinsu, saboda haka har furfura ta fara fito masa ba a kiransa da wani suna sai Auta. Yana zaune da matarsa Afiniki, da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa suke kira Iya.

Tun mahaifin Auta yana da rai idon Iya ya fara dushewa. Da tsohon ya ga matarsa tana yawan tuntuɓe a tsakar gida, sai ya nemo katakon maɗaci, ya goge shi sumul, ya kewaye bakin ƙofar ɗakinta da shi. Ya kuma kafa wani dogo a jikin bango, daidai ƙugunta, tun daga ƙofar har ɗakin girki, daga can kuma har bakin zaure. Bayan haka tsohon ya rasu, idon Iya kuwa ya rufe gaba ɗaya. Amma ba ta zauna ba. Takan dafa katakon ta tafi inda take so, ta dama kunu, ta tsince wake, ta fita zaure ta gaisa da masu wucewa, tana tafe tana waƙoƙin sujada. Tafin hannunta ya goge katakon har ya yi sheƙi.

Ana nan sai 'yarta da take aure a birni ta zo ta ɗauke ta, don a nema mata maganin ido. Tafiyar ta yi tsawo, har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Aka rufe ɗakin Iya, aka jingina buhunan gyaɗa a jikin bangon. Rufin ya fara yoyo a kusurwa, ruwa yana sauka a kan katakon. Gara ta taso daga ƙasa ta shiga cikinsa. Awaki suka riƙa sosa ƙahonsu a jikinsa. Wata rana kuma da ake shigar da garma ɗakin don ajiya, bakinta ya ɓalle gefen katakon ƙofa. Ba wanda ya kula, gama masu ido ba sa dafa bango in suna tafiya.

Da kaka ta yi, sai saƙo ya zo daga birni cewa idon bai buɗe ba, amma Iya ta ce a mai da ita gida, tana so ta yi bikin godiya a ikkilisiyarsu. Auta ya yi murna ƙwarai. Afiniki ta ɗauki tsintsiya, ta janye buhuna, sai ta ga abin da ya faru. Katakon duk ya zama ramuka, wani wuri ya tsage, wani ya ruɓe, ga hanyar gara ta hau bango. Ta kira mijinta ta nuna masa.

Auta ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Dawa tana gona, tsuntsaye suna ci. Ina lokacin wannan?"

Sai ya kwaɓa laka, ya bi ramukan yana cusawa, yana shafewa da ɗan yatsa. Ya aika kasuwa aka sayo masa shuɗin fenti, ya shafe katakon daga ƙofa har zaure. Kafin magariba ya gama. Maƙwabta suka leƙo suka ce, "Kai, Auta, gida ya yi kyau! Iya za ta ji daɗi."

Afiniki ta ce masa a hankali, "Maigida, anya laka za ta zauna a jikin itace?"

Ya ce, "Ke yanzu kina ganin rami?"

Ta ce, "Ba na gani."

Ya ce, "To, shi ke nan."

Ranar da Iya ta iso, gidan ya cika. Matan zumunta suka yi ta guɗa, aka yanka zakara, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Da Auta ya kama hannunta zai kai ta ɗaki, sai ta janye, tana dariya, ta ce, "Sake ni, Auta. A birni ne nake baƙuwa. Nan gidana ne."

Ta miƙa hannu ta sami katakon a bakin zaure. Ta tsaya, ta shaƙi iska, ta ce, "Wa ya sa wa katakona riga?" Mutane suka yi dariya. Ta fara tafiya kamar dā, da sauri, kanta a ɗage. Ba ta yi nisa ba ta dogara a wani wuri, lakar ta burme, yatsunta suka faɗa rami, wani sartse ya shige tafin hannunta. Ta firgita ta saki, ta faɗi a kan gwiwa.

Aka ɗaga ta, Afiniki ta cire sartsen da allura, ta ɗaure hannun da tsumma. Iya ta ce, "Ba komai, 'ya'yana, ku ci abincinku." Amma tun daga ranar ba ta ƙara taɓa katakon ba.

Ta zauna a ɗaki. In tana son ruwa, sai ta kira Afiniki. In za ta kewaya, sai an zo an ja ta. Afiniki ba ta taɓa nuna gajiya ba, amma Iya mace ce mai kunya, wani lokaci takan daure ta yi shiru har sai ta ji motsin wani a kusa. Waƙa ta ɗauke daga gidan. Hannun ya warke, tsoron bai warke ba.

Wata safiya ta kira ɗanta ta ce, "Auta, bayan bikin godiya ka aika wa yayarka ta zo ta ɗauke ni. Can ɗaki ɗaya nake da shi, na san bangonsa. Nan na zama kaya a kan matarka, ga aikin kaka ya yi mata yawa."

Maganar ta soki Auta. Ya fito tsakar gida fuskarsa a murtuke, ya ɗauko guduma, ya nufi katakon. Ya ɗaga hannu ke nan sai ya ji sallama. Zakka ne, ɗan kawunsa, kafinta a garin da ke gaba, ya zo gaishe da gwaggonsa. Shi da Auta taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Zakka ya ce, "A'a, bawana, yaƙi ake yi ba a gaya mini ba?"

Auta ya ce, "Matsa ka ba ni wuri. Ɓalle ruɓaɓɓen nan zan yi in sa a murhu. In an sayar da gyaɗa na kawo ƙarfe a kafa."

Sai muryar Iya ta fito daga ɗaki: "Auta, kada ka ƙona shi. Ko ban dafa ba, bar shi a wurin. Hannun ubanka ne."

Auta ya sauke gudumar. Zakka ya shiga ya durƙusa ya gai da gwaggonsa, ya ji duk abin da ya faru. Da ya fito, ya zaro wuƙa ya kankare fentin a wani wuri, busasshiyar laka ta zubo a kan ƙafarsa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

Ya ce, "Wa ya koya maka gini a jikin itace? Zanzaro?"

Afiniki ta rufe baki da gefen zane. Auta ma bai san lokacin da ya yi murmushi ba. Zakka ya juya wuƙar, ya ƙwanƙwasa katakon da ƙotarta, nan da can. Wani wuri ya amsa da ƙarfi, wani wuri ya yi ƙara kamar busasshen duma. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba na murhu ba ne. Baya-baya gara ta ci, zuciyar maɗaci ta fi ƙarfin bakinta. Zai gyaru. Sai dai fentinka ya ɓoye mana ciwon, dole mu nemo kowane rami."

Iya ta ce daga ciki, "Ku fito da ni. Kunnena ya fi naku."

Auta ya riƙe ta, Zakka yana gaba yana ƙwanƙwasawa, suka bi katakon daga ƙofa har zaure. Duk inda ƙarar ta sauya, Iya takan ce, "Nan." Afiniki ta sa alama da gawayi. Akwai wuraren da mazan suka ce lafiya lau suke, Iya ta ce a sake bugawa, aka soka wuƙa, ta shige kamar cikin gurasa. Kafin su kai zaure, shuɗin fentin ya cika da baƙaƙen alamu, Iya kuwa ta fara dariya, gama rabonta da a nemi taimakonta an daɗe.

Kashegari Zakka ya dawo da kayan aiki a bayan keke: cizal na ƙwaƙule itace, da wata wuƙa mai faɗin baki, da samfefa ta goge katako, da maganin gara, da gwangwanin abin da kafintoci suke kira fila. Wani ƙullu ne mai kauri kamar tuwo, na garin katako da gam, wanda in ya bushe yakan yi tauri kamar itacen kansa. Ya ajiye su gaban Auta ya ce, "Ni ina da bencinan majami'a da zan gama kafin biki. Zan nuna maka, amma hannunka ne zai yi. Uwarka ce, katakon ubanka ne."

Ya fara nuna masa yadda zai ƙwaƙule ruɓa. Auta ya sa cizal, laka ta fita, ruɓaɓɓen itace ya biyo baya kamar dusa. Ramin da dā bai fi kan yatsa ba ya buɗe har hannu yana shiga. Auta ya tsorata ya ce, "Zakka, gyara muke yi ko ɓarna?"

Zakka ya ce, "Ci gaba har sai ka ga jan itace mai ƙarfi. Fila ba ta kama ruɓa. In ka bar ko kaɗan a ciki, tare za su faɗo."

Haka Auta ya yi ta ƙwaƙula. Ya kankare fentin duka, ya rushe hanyar gara a gindin bango, ya zuba magani, ya hau rufi ya toshe inda yake yoyo. Da aka gama wannan, katakon ya fi kowane lokaci muni. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Ayya, da ka bar shi da fentinsa." Auta ya ci gaba da aikinsa. Ya bar itacen ya sha iska ya bushe.

Sa'an nan Zakka ya dawo, aka buɗe gwangwani. Zakka ya ɗebo fila a bakin wuƙa, ya danna ta cikin wani ƙaramin rami, ya sake dannawa har ta shiga kowane lungu, ya bar ta ta ɗan yi tudu, ya ce in ta bushe takan ja baya. Ya ce manyan ramuka kuwa kaɗan-kaɗan ake cika su, a sa, a bari ya bushe, a ƙara. Inda garma ta ɓalle gefen ƙofa, ya nuna masa yadda zai kara siririn katako ya zama shinge, ya cika bayansa, don gefen ya fito a miƙe. Daga nan ya hau kekensa ya tafi.

Auta dai Auta ne. Da ya ga Zakka ya ɓace, ya dubi babban ramin da ya cuci Iya, ya ce a ransa, me zai hana in gama da kai yau? Ya cika shi dam a tashi ɗaya, ya shafe. Da safe saman ya bushe, ya yi kyau. Ya kawo Iya da murna ta taɓa. Ta danna babban yatsa, ya lotsa.

Ta ce, "Auta, tuwonka bai nuna ba."

Afiniki ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Auta ya yi dariya shi ma, ya ɗauki cizal ya kwashe ɗanyar filar, ya fara daga farko.

Daga nan ya saki gaggawa. Da sassafe yakan sa kaɗan kafin ya tafi yankan dawa, da la'asar in ya dawo ya duba, in ta bushe ya ƙara. Iya ta ce a shimfiɗa mata tabarma kusa da shi. Yana aiki, tana ba shi labarin mahaifinsa: yadda ya ɗauko katakon a ka daga bakin rafi, yadda ya sa ta tsaya ya auna ƙugunta da igiya tana ta faɗa wai zai mai da ita akuya, yadda ya buge yatsansa da guduma ya ɓoye hannun a aljihu don kada ta sani. Auta bai taɓa jin waɗannan ba. Wata rana yana danna fila sai ya ji tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Bai juya ba, don kada ta daina.

Da ramukan suka cika suka yi tauri, ya ɗauki samfefa mai kaushi ya goge tudun, ya bi da mai laushi. Farar ƙura ta rufe masa gira da gemu, har Afiniki ta ce ta sami sabon tsoho a gidan. Duk inda ya gama, Iya takan shafa da tafin hannu, ta juya ta shafa da bayan hannu, ta ce, "Saura kaɗan a nan." Ya sake gogewa. Haka suka bi shi har zaure, har ranar da ta shafa daga farko zuwa ƙarshe ba ta sami inda ya saura ba, sai ta kama kansa ta sa masa albarka.

Zakka ya zo ya duba. Ya ƙwanƙwasa ko'ina, ko'ina ya amsa da ƙarfi. Ya ce, "Lalle bawana ya koyi sana'a. Gobe ka zo shago ka fara share mini ƙasa." Auta ya kai masa duka da wasa, sa'an nan ya ce zai sayo wani fenti, gama filar ta fi maɗacin haske, wuraren gyaran suna nan dabbare-dabbare.

Iya ta ce, "Kada ka sa masa riga kuma. Ni ba na ganin tabo. Ku masu ido ku sha kallo."

Sai aka shafa masa man katako kawai, ya yi sheƙi, ja da fari-fari.

Ranar bikin godiya, Afiniki ta tashi da safe ta kai wa Iya ruwan wanka, ta tarar ɗakin ba kowa. Ta fita da gudu tana kiran mijinta. Sai suka ji motsi a ɗakin girki. Ga Iya zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ƙwarya a cinya, tana dama gasarar kunu, tana faɗa: "Afiniki, wa ya canza wa tsamiya wuri? Na lalube ko'ina!"

Afiniki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito. Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya, hawaye yana bin fuskarsa. Da rana ta ɗaga suka tafi majami'a, Auta da damin dawa a ka, Afiniki da kwandon gyaɗa, Iya a tsakiyarsu. Da matan zumunta suka buga tulu da caki, tsohuwar ta miƙe ta taka rawa, ikkilisiya duka ta tashi tare da ita. Da yamma Auta ya aika wa yayarsa cewa Iya ba ta zuwa ko'ina, in tana marmarin ganinta ta zo ta sha kunu.

To, ya ku yara da iyaye, ga abin da wannan misali yake koya mana.

Katakon nan ni ne, kai ne, ke ce. Allah ne ya yi mu da hannunsa, ya kuma kafa kowannenmu a inda wani zai dafa. Ba wanda aka kafa don ado. Uba, 'ya'yanka kai suke dafawa. Uwa, gidan duka a jikinki yake tafiya. Ke yarinya, ƙanwarki tana bin sawunki ko ba ki sani ba. Dattijon ikkilisiya, akwai sabon mai bi wanda bai san hanya ba tukuna, kai yake lalube.

Gara ba ta shigowa da ganga. Ta ƙasa take bi, a lokacin da aka jingina buhuna aka manta. Haka zunubi yake. Ƙaramar ƙarya ce yau, gobe riƙe ɗan'uwa a zuciya, jibi a daina addu'a domin aiki ya yi yawa. Auta bai yi nufin mugunta ba, dawa ce take gona. Yawancinmu ma haka ne, ba mu ƙi Allah ba, hidima ce ta sha kanmu, ruwa yana ta sauka a kusurwa ba mu duba ba.

Sa'ad da muka ga ramin kuma, me muke yi? Mukan kwaɓa laka mu sayo fenti. Mu sa rigar Lahadi, mu ɗaga murya a waƙa, mu yi doguwar addu'a a gaban jama'a. Maƙwabta su ce gida ya yi kyau. Amma ku lura da wanda fentin ya ruɗa da wanda bai ruɗa ba. Masu kallo daga nesa sun yaba. Wadda ta dogara a kai da dukan nauyinta, ita ce ta faɗi. Mutumin da yake murmushi a majami'a, yana tsawa a gida, mai wa'azi ba zai ji ciwon ba, matarsa da 'ya'yansa ne sartsen yake shiga hannunsu. Wani yaro ya daina zuwa sujada ba don ya ƙi Ubangiji ba, sai don ya dafa wani babba, wurin ya burme. Allah kuwa ba a ruɗinsa da fenti. Shi ƙwanƙwasawa yake yi, yana jin yadda ciki yake amsawa.

Akwai kuskure na biyu, shi ne guduma. Da Auta ya ga fenti bai yi ba, sai ya ce a ƙone. Wani a cikinmu ya dubi kansa ya ce, "Na lalace, ba ni da sauran amfani a gidan Allah." Wani kuma ɗan'uwansa ne ya faɗi, ya ce a fitar da shi a huta. Ku ji albishir: Ubangiji Yesu bai zo da guduma ba. Ya san wanda ya kafa ka, ya san abin da aka sa a cikinka tun farko, ya ce za ka gyaru. Wannan ne ya sa muke murna yau.

Amma gyaransa daga ƙwaƙula yake farawa, ita ce tuba. Tuba tana da zafi, takan kuma sa ramin ya fi dā girma a idon mutane. Ranar da ka je ka ce wa matarka, "Na yi miki laifi," ko ka mayar da abin da ba naka ba, wani zai ce da ka yi shiru ya fi. Kada ka ji tsoro. Alherin Allah ba ya zama a kan ruɓa, amma duk inda aka buɗe masa da gaskiya, yakan shiga har lungun da kai kanka ba ka sani ba, ya cika, ya yi ƙarfi. Ba mu ne muka yi filar ba, kawo mana aka yi kyauta. Namu shi ne mu buɗe, mu karɓa, mu kuma toshe yoyon da ya kawo ɓarnar, wato mu rabu da wurin da abokan da suke jawo mu baya.

Kada kuma ku yi gaggawa, da kanku ko da wani. Wanda ya tuba jiya, kada a ɗora masa dukan nauyin ikkilisiya yau, a ce ai ya bushe. A bar shi ya sha Maganar Allah kaɗan-kaɗan, safe da yamma. In an danna ya lotsa, ba abin fid da zuciya ba ne, a yi dariya irin ta ƙauna a sake farawa. Kun ga a cikin kwanakin jiran nan ne Auta ya sami abin da bai nema ba, ya zauna da uwarsa, ya san ubansa. Lokacin da Allah yake gyaranmu ba ɓataccen lokaci ba ne.

Tabo kuwa zai kasance. Wanda Ubangiji ya gyara ba ya bukatar ya ɓoye inda aka gyara. Bari a gani, a san cewa nan dā rami ne, yanzu ana dogara a kai ba ya motsi. Irin wannan shaida ta fi wa'azi goma ƙarfafa mai rauni.

Saboda haka ga aikin da nake ba ku a wannan mako. Kowa ya koma gida ya sami mutumin da ya fi dogara gare shi, mata ko miji, ɗa ko tsohuwa, ya zauna kusa da shi ya ce, "Gaya mini, ina ne nake sukanka?" In ya fara faɗa, kada ka kare kanka, kada ka ɗauko fenti. Ka yi shiru ka ji har ƙarshe. Sa'an nan ku durƙusa tare ku kai wurin gaban Ubangiji, ku ce, "Ga shi, Uba, fara daga nan." Zai fara. Allah ya sa kafin Lahadi mai zuwa a ji waƙa a gidajen da ta daɗe da ɗaukewa. Amin.